Harafi Ɗaya a Takardar Lamisi

Shafi na 23

Masu cika mani akwatin saƙo tun jiya da "ina Lamisi, ina Sumani", na ji ku. Ba ɓoyewa na yi ba, shafin ne ya sa ni kuka tun kafin ya iso gare ku. Wanda yau ya shigo, ga inda muke: Salaga, shekarar 1991. Lamisi 'yar Bawku ce, malamar firamare. Gobe Lahadi za a yi sanarwa ta uku, ta ƙarshe, ta aurenta da Sumani ɗan Yendi a coci. Sai ga shi yau Asabar da rana Fasto ya aika a kira ta.

*

"Zauna, Lamisi."

Ba ta zauna ba. Idonta na kan teburin Fasto Habila, inda littafin nan mai koren bango yake, littafin sharhi a kan wahala da haƙuri wanda ta aro daga kabad ɗin coci wata huɗu da suka wuce, ta mayar shekaranjiya. A kansa an ɗora wata takarda da aka yago daga littafin rubutun 'yan makaranta. Tun daga bakin ƙofa ta gane ta.

"Na ce ki zauna, 'yata."

Ta ɗosana a bakin benci. A dama Mma Lariba ce, shugabar zumuntar mata, ta haɗe rai tana fifita da gefen zaninta. A hagu, jikin taga, Sumani. Bai ɗago ba.

Wata takwas ke nan da aka turo Fasto Habila daga Nijeriya, daga wajajen Zariya. Mutum ne mai sanyin murya, Hausarsa irin ta littafi, ba ya tsallake ko gaɓa ɗaya. Ya ɗaga takardar da yatsu biyu.

"Rubutunki ne?"

"Nawa ne, Fasto."

"A tsakiyar littafin nan na same ta. Ban so na karanta ba, amma idona ya riga ya faɗa a kai. Zan karanta a gaban wanda zai aure ki, da uwar da ke tsaye maki a garin nan. In na ƙara ko na rage, ki tsayar da ni."

Ya gyara tabarau.

"Yau ma ya zo ɗaki na bayan azahar. Na rufe ƙofa. Ya ce duk garin nan babu wanda ya ke jin daɗin zama da shi sai ni. Ya kwanta a gado na ya yi kuka, na riƙe shi har ya yi shiru. Ya ce kada kowa ya sani, na yi mai alkawari. Ya Ubangiji, ina son shi ƙwarai. Ko Sumani ban gaya ma ba. In laifi ne ka yafe mani."

Ya ajiye.

"Wane ne shi, Lamisi? Wane namiji ne ke kwanciya a gadonki, saura mako biyu a ɗaura maki aure?"

Namiji?

Dariya ce ta fara taso mata, irin ta wanda aka sauke wa kaya daga ka. Ashe wannan ne! Ita kam Hausar Bawku ta tashi da ita, Hausar tasha da kasuwa, inda "ya" na kowa ne: uwa ya zo, uba ya zo, amarya ya yi kyau. Fasto yakan ji hakan a bakin mutane ya wuce, amma a rubuce idonsa na littafi ne, in ya ga "ya" to namiji ya gani. Kalma ɗaya za ta faɗa maganar ta mutu. Mace ce, Fasto. Ƙawata ce.

Ta buɗe baki.

"Ei, Fasto, Lamisi ya ba mu kunya paa, babban kunya!" Mma Lariba ta tafa hannu. "Yarinya da mu ke nuna ma yaran mu, mu ce ku duba shi, ku yi koyi da shi! Ni dai sunan mutumin na ke so. Wanda ya ke shiga ɗakin shi duk na san su, ni na ke zama a bakin hanyan. A ba ni suna kawai."

Bakin Lamisi ya rufe da kansa.

Duk na san su.

Mace ɗaya tak ke shiga ɗakinta bayan azahar. Zuwera.

Zuwera 'yar gidan Alhaji ce, jikar fataken goro, mutanen da suka riƙe Hausar kakanninsu cif. Shagonta na ɗinki yana daura da makaranta. Bara motar doya ta kife da mijinta a hanyar Bimbilla, ya bar ta da Asana, 'yar shekara huɗu. Sau biyu dangin mijin suna zuwa daga Yendi su tafi da yarinyar, sau biyu Alhaji yana roƙonsu. Sun bar ta, amma da sharaɗi: ranar da suka ji wani abu game da tarbiyyarta, ranar za su ɗauke ta.

Kuma da kalma ɗaya abin ya fara. Lamisi ta iya haɗa haruffa ta karanta littafin nan, amma Hausar cikinsa ta fi ƙarfinta. Wata rana ta leƙa shagon ta ce, "Zuwera, mene ne fansa?"

Zuwera ta tsayar da keken ɗinki. "Kakata ta ce a da, a nan kasuwar tamu, in an kamo mutum an ɗaure, danginsa suka biyo sahu suka ba da abin da za su bayar aka kwance shi, shi ne fansa. In ba su da komai, wani ya ce a ɗaure ni a sake shi. A ina kika ji?"

"A littafi. Ya ce haka Almasihu ya yi mana."

"To nan muka rabu, Madam. Mu a wurinmu kowa kayansa zai ɗauka." Ta ci gaba da taka keke, sannan ta sake tsayawa. "Littafin naki ya faɗi dalilin da ya sa Allah ke ɗauke mutumin kirki ya bar mugu?"

Tun daga ranar suke karatu tare. Lamisi ta karanta, Zuwera ta warware mata Hausar, sannan su yi ta gardama har muryoyinsu su dushe. Lamisi ta ce Allah ya san ɗacin mutuwa don ya ɗanɗana, Zuwera ta ce subhanallahi, kada ki sake faɗa mani haka, amma karanta wurin nan kuma. In la'asar ta yi, Zuwera ta ɗauki butar da Lamisi ta saya dominta, ta yi alwala, ta yi sallarta a kan tabarmar ɗakin. Ba ta musanya addini ba. Wurin kuka kawai ta samu.

Amma wa zai tsaya ya ji wannan bayanin a Yendi? Uwar Asana tana kulle kanta a ɗakin Kirista tana karatun littafin coci. Shi ke nan abin da za a ji. Kuma rumfar Mma Lariba a kasuwa tana manne da ta gwaggon marigayin. Abin da ya shiga kunnen Mma Lariba da safe, kafin azahar ya hau motar Yendi.

Muddin suna neman namiji, ba wanda zai waiwayi Zuwera.

"Lamisi, ke nake saurare."

"Fasto," Sumani ne ya ɗago a karo na farko, "akwai abin da ya kamata ka sani game da Hausarmu ta nan..."

"Sumani, ka yi shiru!"

Ita kanta sai da ta tsorata da muryarta. Mma Lariba ta dafe ƙirji.

"Kun ji ko? Kun ji yadda ya ke kare kwarton shi? A gaban mijin shi!"

Kwarto. Kalmar ta dake ta kamar mari. Ta sunkuyar da kai, tana addu'a kada Fasto ya lura cewa matar nan yanzu-yanzu ta kira ta "ya", ta kira ta "shi", sau nawa a jere. Bai lura ba. Idonsa na kan takardar.

"Ba zan iya faɗan suna ba, Fasto. Na yi alkawari."

"Alkawarin da ya fi wanda za ki yi a gaban bagade?"

Fasto ya sake jefo tambaya.

"Kin yi zunubi da mutumin nan?"

"Ban yi ba. Allah ya sani."

"To ki taimake ni in yarda da ke." Ya cire tabarau ya murza idanunsa, a gajiye. "Ba na jin daɗin wannan, 'yata. Ke ce ta fari a ajin nazari, tambayoyinki suke hana ni barci. Amma ba zan tsaya gobe in ce duk wanda ya san dalilin da zai hana auren nan ya faɗa, alhali ni kaina ina riƙe da dalili a aljihu. Ƙarfe biyar dattawa za su zauna. In kin kawo suna, mu kira shi mu ji. In ba ki kawo ba, babu sanarwa gobe."

*

A ƙarƙashin bishiyar dalbejiya da ke bayan coci Sumani ya tarar da ita. Ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta je bakin katanga, ta dawo, ta tsinki ganye, ta yar.

"Lamisi."

"Ka tafi, Sumani. In sun gan ka da ni za su ce ba ka da zuciya."

"Ranar da akuyarki ta haihu me kika ce mani?"

Ta juyo. "Akuya? Yanzu?"

"Kika ce, 'Sumani, zo ka gani, ya haifi biyu.' Ranar da na je Bawku gaisuwa kika ce, 'Mama na ya tafi kasuwa, ya na zuwa.' Shekara biyu ina jin Hausarki. Tun layin farko na san ba namiji ba ne."

Ta jingina da bishiyar, hawayen da ta riƙe a ofis suka ɓalle.

"Ka sani, ka bar ni ina mutuwa a ciki?"

"Na buɗe baki kika rufe mani shi a gaban mutane."

"Sori."

"Zuwera ce ko?"

Ta waiga hagu da dama. "Kada ka ƙara faɗan sunan nan."

"Na ga buta a bayan ƙofarki tun watan jiya. Na ce a raina, ko dai amaryata ta fara sallah ban sani ba, ko tana da baƙuwa."

Dariya ta kuɓuce mata cikin kuka, ta kai masa duka a kafaɗa. Ya riƙe hannun, bai saki ba.

"Ki saurare ni. Ba sai kin faɗi suna ba. Ki ce mace ce, shi ke nan. Harafi ɗaya ne, Lamisi. Ki cire 'y' ki sa 't'."

"In na ce mace, Mma Lariba zai ƙirga da yatsa. Ba zai kai yatsa biyu ba."

"Mu gaya wa Fasto shi kaɗai."

"Ya riga ya kira dattawa. Me zai ce masu? Ya ce na yarda da shi amma ba zan gaya maku dalili ba? Mma Lariba zai haƙa ƙasa har ya samu." Ta share fuska da bayan hannu. "Kuma yau kasuwa. Issah ya na gari."

"Wane Issah?"

"Ƙanin mijin Zuwera. Ya zo lodin doya, a zauren Alhaji ya sauka. Ka ga? Ko mota ba sai maganan ya hau ba."

Sumani ya saki hannunta. Ya yi taku uku ya dawo.

"To ni fa? Ni ina cikin lissafinki? Gobe coci za ta cika, mutanen Bawku sun taho, mamarki ta ɗinka zani. Fasto zai tsallake sunanmu, kowa ya juyo ya dube ni. Shekara biyar babana bai ci abinci kwano ɗaya da ni ba saboda na bar addininsa na shigo cocin nan. Ke ce gidan da na ce Allah ya mayar mani. Yanzu ki ce in tsaya in ji ana kiran matata da sunan da matar nan ta kira ki?"

"Kai ka fi kowa sanin abin da za su yi mai."

"Na sani! Shi ya sa nake jin kamar in fasa ihu!"

Daga tasha ana jiyo yaran mota suna kiran Tamale, Tamale.

"Sumani," ta ce a hankali, "kai babba ne lokacin da aka kore ka. Asana shekaran shi huɗu. Da dare sai ya riƙe kunnen maman shi kafin ya yi barci. Ni na ce ma Zuwera ya zo, ƙofa na a rufe ya ke, babu mai ji. Ni na rubuta takarda kamar wawa na manta a littafi. Laifi na ne. In wani zai ɗauka, ni ne."

"Kin san abin da kike yi? Abin da ke cikin koren littafin nan kike son ki yi. To ke ba Almasihu ba ce, Lamisi."

"Na sani. Amma wata huɗu ina gaya mai akwai so irin wannan. In ranan farko da abin ya zo kai na na sayar da shi, me na karanta mai?"

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, idanunsa sun yi ja.

"Zuwera ta san abin da ke faruwa?"

"Bai sani ba. Kuma ba zai sani ba. Ka yi mani alkawari."

Bai amsa ba. Ya nufi inda ya jingine kekensa.

"Sumani! Ka yi alkawari!"

"Alkawarin mutum ɗaya ya ishe mu wahala yau."

Ya hau ya taka, bai waiwayo ba.

*

Ba ta koma gida ba. Ta shiga coci ta zauna a bencin baya, ta tashi, ta koma na gaba. Ta durƙusa za ta yi addu'a, kalmomin suka ƙi haɗuwa. Ta ɗauki tsintsiya ta share wurin da aka riga aka share. A jikin allon sanarwa ga sunayensu da alli, nata da nasa, an ja masu layi biyu a ƙasa, saura na uku. Ta kai yatsa za ta taɓa, ta janye.

Ina ya tafi? In gidan Alhaji ya nufa, ta shiga uku. In kuma tasha ya nufa, ya hau motar Yendi ya bar mata garin fa? Ta rasa wanne ya fi ba ta tsoro.

Ƙarfe biyar saura kaɗan dattawa suka fara shigowa, su uku, kowa ya gaishe ta ba tare da ya dubi idonta ba. Mma Lariba ta canza ɗankwali. Aka jawo tebur gaban bagade, Fasto ya ajiye takardar, ya ajiye jan bironsa a kai don kada iska ta ɗauke ta. Aka yi addu'a.

"Ina Sumani?" in ji Fasto.

"Ya gudu mana," Mma Lariba ta ce. "Wa zai tsaya? Yaro mai hankali."

Aka jira minti goma. Bai zo ba. Lamisi ta miƙe tsaye da aka kira sunanta.

"Lamisi, kin yi tunani?"

"Na yi, Fasto."

"Za ki ba mu sunan?"

Ta dubi allon. Layi biyu.

"A'a."

Ɗaya daga cikin dattawan ya girgiza kai. Fasto ya ja dogon numfashi.

"To, ba ni da zaɓi. A rubuta cewa an dakatar da..."

"Salamu alaikum."

Duk suka juya.

A bakin ƙofa wata mace ce doguwa cikin baƙin mayafi, zaren ɗinki fari na maƙale a gefen zaninta, alamar daga kan keke ta taso. Ta sunkuya ta cire takalmanta, ta jera su a waje kamar mai shiga masallaci, ta tako siminti da ƙafa tsirara. Shekararta ashirin da shida a garin nan, ko harabar cocin ba ta taɓa takawa ba. A bayanta Sumani, jiƙe da gumi, ya ƙi haɗa ido da Lamisi.

"Wa alaikumus salam," Fasto ya amsa, yana miƙewa. "Baiwar Allah, muna cikin zama ne..."

"Na sani, ranka ya daɗe. Zaman ne ya kawo ni."

"Zuwera!" Lamisi ta yi kanta da gudu, ta riƙe mata mayafi. "Ka koma! Don Allah ka koma gida! Babu ruwan ka a nan!"

"Ki koma ake cewa." Zuwera ta cire hannun daga mayafinta a hankali, ta riƙe shi cikin nata. "Wata huɗu ina fama da ke, Madam, har yau ba ki koya ba? Ga shi kin jawo mana."

"Asana..."

"Na san sunan 'yata."

Ta wuce ta zuwa teburin.

"An ce akwai takarda. A ba ni in gani."

Fasto ya dubi dattawa, ya dubi Sumani, sannan ya tura mata. Zuwera ba ta yi boko ba. Haruffan da ta sani Lamisi ce ta koya mata a bayan littafin awon ɗinki, ba su fi goma sha biyar ba. Ta bi layin farko da yatsa, leɓɓanta na motsi, har ta tsaya a kan kalma ta uku. Ta ɗauki jan biron Fasto, ta riƙe shi kamar allura. Ta soke "y". A samansa ta ja sanda, ta gicciya mata wata, a karkace.

Ta juya takardar ta fuskanci Fasto.

"Karanta, ranka ya daɗe."

Ya sa tabarau. "Yau ma... ta zo ɗakina."

Ya tsaya. Idonsa ya gangara layi na biyu, na uku, ya dawo sama. Sannan ya juya sannu a hankali ya dubi Mma Lariba, kamar yau ya fara jin muryarta.

"Sauran haruffan ku gyara da kanku, hannuna bai saba ba," in ji Zuwera. "Ni ce na zo. Ni ce na kwanta a gadonta na yi kuka, don a gidanmu an ce mani kukan ya isa haka. Ita ke karanta mani littafinku, ni nake gaya mata ma'anar Hausar, rabin abin da ke ciki ban yarda da shi ba, ta sani, ku tambaye ta. Sallata ban bari ba, a ɗakinta ma nake la'asar. Ni na ce ta rufa mani asiri, ta rufa. Amma ban ce ta rufa da aurenta ba."

Ta waiwayo ta dubi Lamisi, sai a lokacin idonta ya kawo ruwa.

"Ni na gaya maki ma'anar kalmar nan, shi ne za ki gwada ta a kaina? Na ce maki mu kowa kayansa yake ɗauka."

Lamisi ta faɗa jikinta kawai.

"Ei! Ei! Ei!" Mma Lariba ta miƙe, hannu a ka. "Zuwera ɗiyan Alhaji! Ashe shi ne! To ai ni ma na san ya na shiga, ban kawo..."

"Mma Lariba, zauna." Ba a taɓa jin muryar Fasto Habila da kauri haka ba. Ya dafa teburin da hannu biyu. "Kunya tawa ce. Na zo garin mutane da kunnen garinmu, na kusa kashe aure a kan harafi. Lamisi, ki gafarce ni. Gobe za a yi sanarwa, ni da bakina." Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Abin da baiwar Allah nan ta faɗa kuwa, a nan ya tsaya. Duk wanda ya fitar da shi daga ɗakin nan, ko a kasuwa, ko a gida, ko a kunnen mijinsa ko matarsa, da ni zai yi. Mma Lariba, kin ji ni?"

"Na ji, Fasto. Baki na a ɗinke."

Lamisi ta ɗago daga kafaɗar Zuwera, numfashinta na dawowa. Ta nemi idon Sumani don ta harare shi, ta gode masa, duka a kallo ɗaya.

Ba ita yake kallo ba. Tagar gefen hanya yake kallo, fuskarsa ta zama toka.

"Lamisi," ya ce, "wallahi ban san ya biyo mu ba."

Ta juya.

A jikin tagar, wani mutum ne tsaye da hula a hannu, ƙasar doya har gwiwar wandonsa, ya ɗora haɓa a kan katakon kamar wanda ya daɗe a wurin. Bai dubi Fasto ba, bai dubi dattawa ba. Takalman da ke jere a bakin ƙofa ya duba, sannan ya dubi mai su.

Yatsun Zuwera suka nutse cikin hannun Lamisi.

"Issah," ta ce.

"Matar yaya," ya amsa, a natse. "Ina Asana?"